Malam, Ka San Sunan Ɗalibinka?

  

Kwanakin baya na kai ziyara Zauro, garin nan da ke bakin fadamar Gulbin Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Muna zaune a ƙofar gidan mai masaukina bayan sallar La'asar, sai wani dattijo manomin shinkafa ya ba mu labarin abin da ya same shi, wanda shi ne dalilin maganarmu ta wannan mako.

Ya ce yana da ɗa mai shekara 13 a wata makarantar jeka-ka-dawo. Kullum da safe yaron yakan sa kayan makaranta ya ɗauki jakarsa ya fita, ya komo da azahar tare da sauran yara. Ashe ya fi mako uku bai taka ƙofar aji ba, bakin gulbi yake tafiya ya zauna wurin masunta har lokacin tashi ya yi. Da asiri ya tonu, uban ya matsa masa da tambaya, sai ya fashe da kuka. Ya ce ran nan aka tashe shi karatu a gaban aji, harshensa ya sarƙe domin yana da in'ina, yara suka tuntsire da dariya, aka laƙaba masa wani suna, shi ke nan ya ji ba zai iya komawa ba.

Uban ya tafi makarantar, ya faɗi sunan ɗansa. Malamin ajin ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, lambarsa nawa a rajista?" Aka buɗe littafi, sai ga shi an yi ta rubuta cewa yaron yana zuwa, domin wani ne ke amsa masa idan an kira lambar. Dattijon ya ce mana, "Wallahi ban yi faɗa ba. Abin da na ce masa kawai shi ne: Malam, ina da 'yan shanu a hannun wani Bafulatani. In saniya ɗaya ba ta komo daga kiwo ba, kafin Magariba zai zo ya gaya mini, har da sunanta da kamanninta. Ashe saniyata ta fi ɗana gata?"

Ba zan ambaci makarantar ba, domin laifin bai tsaya kan makaranta ɗaya ko malami ɗaya ba. Cuta ce da ta game mu duka, kuma addini yana da magana a kanta.

KIRAN SUNA NA ANNABI SULAIMANA

Kada wani ya zaci Musulunci yana ƙin lissafi da rajista. Da lissafi ake fitar da zakka, da shi ake raba gado, da shi ake sanin lokutan ibada. Abin tambaya shi ne, mene ne amfanin ƙidaya ga wanda aka ba amanar rayuka?

Amsar tana cikin Suratun Namli, daga aya ta 20. Allah Ya ba mu labarin Annabi Sulaimana, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka tara masa runduna ta mutane da aljannu da tsuntsaye. Duk da yawan wannan runduna, da ya binciki tsuntsaye sai ya lura babu alhudahuda, ya tambayi inda yake, ya kuma bar masa ƙofar kawo hanzari kafin hukunci. Da tsuntsun ya komo sai ya zo da labarin mutanen Saba'i da sarauniyarsu, labarin da ya zama sanadin shiriyar wata al'umma. Malaman tafsiri sun ciro daga nan cewa wajibi ne shugaba ya riƙa bin diddigin halin waɗanda ke ƙarƙashinsa, babba da ƙarami. To, ashe amfanin kiran suna da safe shi ne a gane wanda ba ya nan a tafi nemansa. In aka kira, aka cika littafi, aka rufe, ba wanda ya tashi neman wanda ya ɓace, an yi aikin takarda an bar aikin amana.

A ƙarshen Suratu Maryam kuma Allah Ya sanar da mu cewa Ya ƙididdige bayinSa ƙididdiga cikakkiya, kuma kowannensu zai je gare Shi ranar Alƙiyama shi kaɗai. Ku dubi yadda aka gwama abu biyun, ƙidaya da sanin kowane bawa a kan kansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta duk mai riƙe da al'amarin wasu da makiyayi, ya kuma gargaɗe mu cewa za a tambayi kowa game da abin da aka ba shi kiwo, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Dattijon Zauro bai ja wannan hadisi ba, amma ma'anarsa ya faɗa wa malamin ɗansa.

YADDA FIYAYYEN MALAMAI YA YI

Duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta Suratu Abasa tun yana ƙarami. Sababin saukarta sananne ne. Annabi yana cikin yi wa manyan Ƙuraishawa wa'azi, yana kwaɗayin su musulunta, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo yana neman a koya masa. Annabi ya ga katsewar maganar za ta ɓata babban aiki, ya ɗaure fuska ya kau da kai. Sai Allah Ya saukar da ayoyi Yana yi wa MasoyinSa faɗakarwa saboda ɗalibi guda, wanda bai ma ga ɗaure fuskar ba. Daga baya wannan makaho ya zama ladanin Annabi tare da Bilalu, har akan bar masa limancin Madina idan an fita yaƙi. Idan ɗalibi ɗaya ya kai a saukar da sura dominsa, yaya mu za mu ce yaro ɗaya a cikin aji ba komai ba ne?

Haka kuma Annabi ba ya ba kowa magani iri ɗaya. Wani mutum ya nemi wasiyya, ya hore shi da barin fushi, ya yi ta maimaita masa. Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, ya hana shi cikin tausasawa, domin ya san yana da rauni ga ɗaukar irin wannan nauyi. Ya ga kaifin basirar Zaidu ɗan Sabitu tun yana saurayi, ya umurce shi da koyon rubutun Yahudawa, ya kuwa iya cikin kimanin rabin wata. Shi ne kuma wanda Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani. Ya kama hannun Mu'azu ɗan Jabal, ya kira shi da sunansa, ya gaya masa yana ƙaunarsa, sa'an nan ya koya masa addu'ar bayan salla. Har ƙanen Anas ɗan Maliku, yaro ƙarami da ake kira Abu Umair, Annabi ya san yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, yakan tambaye shi labarinsa.

Masu makarantun kwana su saurari wannan. Maliku ɗan Huwairisu ya ce sun zo Madina su samari ne tsararrakin juna, suka kwana 20 suna koyon addini. Da Annabi ya fahimci sun yi kewar gida, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, suka gaya masa, ya sallame su su koma su koyar da iyalansu. Ba su kai kuka ba, a fuskokinsu ya gani. Wanda bai dubi fuskar ɗalibinsa ba, ina zai ga irin wannan?

MAGABATA SUN BI SAWU

Malaman tarihi sun ambata cewa Rabi'u ɗan Sulaimana, almajirin Imam Shafi'i a Masar, yana da jinkirin fahimta. Wata rana Imam ya maimaita masa mas'ala ɗaya sau 40 bai gane ba, har kunya ta sa ya bar majalisin. Imam ya kira shi a keɓe, ya ci gaba da maimaita masa har ya fahimta. Wannan Rabi'u shi ne ya zama babban mai ruwaito littattafan Shafi'i bayan rasuwarsa a shekara ta 204 bayan Hijira. Da an yi masa dariya an bar shi ya tafi bakin kogin Nilu, da al'umma ta yi babbar asara.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafin Adabul Mu'allimina, inda ya wajabta wa malami daidaita ɗan mawadaci da ɗan matalauci wajen koyarwa. Alƙali Badruddini ɗan Jama'a, wanda ya rasu a shekara ta 733, ya bayyana a littafinsa Tazkiratus Sami'i cewa ya kamata malami ya nemi sanin sunayen ɗalibansa da asalinsu da garuruwansu da halin da suke ciki. In ɗaya ya yi fashi ya tambaya, in ba shi da lafiya ya gaishe shi, in yana cikin damuwa ya sassauta masa. An rubuta wannan shekaru fiye da 700 da suka wuce.

Mu komo gida. Mutanen Masarautar Gwandu ba sa bukatar a tafi da su nesa, domin ga hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo nan a garin Gwandu. A littafinsa Ida'un Nusukhi ya jero malaman da ya yi karatu wurinsu, kowa da sunansa da abin da ya karanta a gabansa. Ya ce ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, yana da shekara 13 aka damƙa shi ga wansa Shehu Usmanu. Ya ambaci Malam Jibrila ɗan Umaru, da Muhammadu ɗan Raji wanda suka ɗauki Sahihul Buhari daga gare shi. Mutum ba ya riƙe sunan malami har tsufansa, ya kuma dawwamar da shi a littafi, sai in malamin ya riƙe nasa sunan tun yana yaro. Daga irin wannan reno ne aka sami mai Liya'ut Ta'awili, tafsirin da ake karantawa har yau.

Tsarin makarantarmu ta allo ma a kan haka aka gina shi. Kowane yaro da allonsa da inda karatunsa ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya kama izu biyar. Ba a wanke allo sai malam ya ji da kunnensa karatun ya zauna, ba a yi wa yaro ƙari don an yi wa maƙwabcinsa. A makarantar zaure kuwa, mai Ahalari ya karanta nasa, mai Iziyya ya karanta nasa, mai Risala ya jira layinsa, malam yana fassara wa kowa gwargwadon fahimtarsa. Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta: yau akwai tsangayun da almajirai suka yi wa malam yawa, har yaro ya kwana a tasha ko kasuwa ba a san ba ya nan ba. Cutar da muke kuka da ita a makarantar boko ta shiga tsangaya, kuma hisabin iri ɗaya ne.

INA AKA SAMI MATSALA?

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Yaran da suka fito sun zarce abin da aka yi tanadi dominsa, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka kafa masa doka a 2004. Wannan alheri ne, domin 'ya'yan talakawa da yawa sun sami karatu ta wannan hanya. Sai dai yawan yara ya riga yawan azuzuwa da malamai gudu. Manufar ilmi ta ƙasa ta tsara malami ɗaya ga yara 35 a firamare, malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a garuruwanmu ya san akwai azuzuwan da suka ninka haka sau biyu, wasu ma fiye.

Saboda haka ba adalci ba ne a tara laifi duka a kan malamin aji. Mutumin da aka ba yara ɗari, ga ƙarancin albashi, ga nasa iyali, Allah ba Ya ɗora masa abin da ba zai iya ba. Amma akwai abin da zai iya, kuma a kan wannan za a tambaye shi. Haka nan a manyan makarantu, inda ɗalibi ke rubuta lamba a takardar jarrabawa maimakon suna. Wannan tsari yana da kyau, domin yana tsare mai duba takarda daga son kai. Inda aka kauce shi ne lambar ta fito daga ɗakin jarrabawa ta bi ɗalibi har ofishin malaminsa, ya shekara huɗu a wuri ba wanda ya san ko maraya ne, ko da yunwa yake shiga aji.

Mu mutanen Jihar Kebbi mun ɗanɗani darasi mai ɗaci a kan bambancin lamba da suna. A watan Yuni na 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, gidajen rediyo adadi suke faɗa, amma a kowane gida suna ɗaya ake kira ana kuka. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka kuɓuta, kuma duk tsawon lokacin iyayensu ba su daina ambaton sunayensu ba. Yadda uwa ke ganin ɗanta ran da ya ɓace, haka ya kamata makaranta ta gan shi tun yana zaune a kan benci.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Ya kai malami, soma da suna. In ka riƙe suna biyar kowace rana, cikin mako huɗu na makaranta ka san yara ɗari. Kira suna da kanka, ka ɗaga kai ka dubi mai amsawa. Wanda ya yi fashin kwana biyu a jere, aika maƙwabcinsa gidansu, ko ka biya da kanka in gari ɗaya kuke. Ka san wanda ba ya gani da kyau ka matso da shi gaba, ka san mai in'ina ka saurari karatunsa a keɓe kamar yadda Shafi'i ya yi wa Rabi'u. Ka tsare harshenka daga "kai daƙiƙi" da "ke jaka". Allah Ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi a aya ta 11 ta Suratul Hujurati, kuma ba a ware malami daga wannan hani ba. Kalma ɗaya daga bakinka takan zauna a zuciyar yaro shekara 40, ko ta alheri ko ta sharri.

Ya kai shugaban makaranta, in mai duba makarantu ya zo akan nuna masa adadin masu rajista da adadin waɗanda suka ci jarrabawa. Ka tanadi wani littafi na waɗanda suka daina zuwa, da dalilin kowanne, da abin da aka yi don a komo da shi. Ka raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da malamin da zai zame musu uba ko uwa.

Ya ku iyaye, makaranta ba jujin zubar da nauyi ba ce. Dattijon da na ba ku labarinsa shi da kansa ya amsa cewa tun da ya sa yaron bai taɓa taka makarantar ba sai ran nan. Manomin fadama kullum yana zaga gonarsa, ya san kuyyar da ruwa ya kwanta da wadda ta bushe. Ɗanka ya fi shinkafarka tsada. Je ka gabatar da kanka ga malaminsa, ka gaya masa abin da ka sani na halin yaron, ka buɗe littafinsa da dare ko da ba ka iya karatun boko ba. Mai kai ɗa tsangaya kuma ya riƙa ziyara da aike, kada ya yi shekara bai ji ɗuriyarsa ba.

Ya ku alarammomi, kada ku karɓi abin da ya fi ƙarfin idonku. Ku ƙidaya almajirai a wurin kwana kamar yadda kuke ƙidaya su a wurin karatu, ku sa gardawa amintattu su kula da ƙolaye.

Ya ku mahukunta da masu hannu da shuni, gina aji da ɗaukar malami da biyansa haƙƙinsa a kan kari shi ne zai sa malami ya iya ganin fuskar kowane yaro. Wanda ya gina aji ɗaya ya raba yara ɗari gida biyu ya yi sadaka mai gudana.

Ku kuma ɗalibai, wanda ke amsa wa abokinsa kiran suna yana zaton taimako yake yi, alhali shaidar zur ce, kuma ita ce ta ɓoye yaron Zauro har mako uku. In ka ga kujerar ɗan'uwanka babu kowa, ka tambaya, ka kuma gaya wa malam.

Kafin in baro Zauro na tambayi dattijon yadda aka ƙare. Ya ce malamin, Allah Ya saka masa da alheri, bai yi girman kai ba. Washegari da yamma ya zo har gida a kan kekensa, ya yi sallama, ya kira yaron da sunansa, ya zauna da shi a kan tabarma suka yi karatu su biyu. Ran Litinin yaron ya koma aji.

Allah Ya ba malamanmu haƙuri da lada, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tsare makarantunmu daga sharrin masharranta, Ya sa mu iya sauke amanar da Ya ɗora mana kafin ranar da za a kira kowa da sunansa. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.